Ɗan Taga Ya Rasu Bayan Shekara Tara a Wucin Gadi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani tashin zuciya da likita ya ce ba daga ciki yake ba, ɗakin sabar na wannan asibiti, wato ɗakin babbar kwamfutar da sauran kwamfutoci ke dogara da ita, ke sanar da rasuwar ma'aikaci mafi muhimmanci da ya taɓa aiki a nan tun da aka aza harsashin ginin, ba a cire likitoci ba, ba a cire daraktoci ba. Marigayin, wanda ake kira Ɗan Taga, ya rasu ranar Litinin da ƙarfe goma sha ɗaya da minti shida na safe, bayan gajeruwar jinya da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Ya rasu yana da shekara tara da wata huɗu. Nauyinsa ranar da aka haife shi sifiri ne, kuma har ya bar duniya bai ƙara komai ba, abin da ba za a iya faɗa a kan sauran manyan ma'aikata ba.

Don amfanin masu zuwa gaisuwa da ba su san shi ba, wato kowa da kowa ban da mutum ɗaya: marigayin fayil ne, irin wanda masu kwamfuta ke kira soket. Ba soket ɗin bango da ake cajin waya ba, saboda haka mai gyaran wuta da ya zo da sukudireba har sau biyu yana iya komawa bakin aikinsa, an gode. Fayil ne da babu komai a cikinsa. Aikinsa irin na ƙaramar tagar da ake hudawa a bango tsakanin ɗaki biyu. A bayan tagar akwai wata manhaja mai aiki a bayan fage, wadda ba ta nuna fuska a allon kowa, tana karɓar sakamakon gwajin jini da na fitsari daga injin ɗakin gwaji. A gaban tagar kuma, duk kwamfutar ɗakin jinya da aka kunna sai ta zo ta ƙwanƙwasa, manhajar ta miƙo hannu, su riƙe juna har a kashe kwamfutar. Ta nan kowane sakamako ke bi ya isa hannun likita.

Mutum ɗayan da ya san shi shi ne Mai Kwamfuta, mai kula da sabar, kuma shi ne mai karɓar gaisuwa.

An haifi marigayin ne saboda gwiwoyin Goggo. Goggo ƙanwar mahaifin Mai Kwamfuta ce, masinjar asibitin. A wancan lokacin ita ke ɗaukar takardun sakamako daga ɗakin gwaji a ƙasa ta kai su hawa uku, mataki sittin da huɗu, sau talatin a rana in an yi sa'a. Ita ce ta kamo hannun ɗan yayanta da digirinsa sabo fil, ta yi ta sintiri ofis-ofis har aka ɗauke shi aikin wucin gadi na wata uku. Babana take kiransa, don sunan mahaifinta ya ci. A makonsa na biyu wani kamfani ya kawo injin gwajin jini, ma'aikacinsu ya zauna gaban sabar yana ta duba agogo, ya tambayi inda za a ajiye soket ɗin.

"Sa shi a foldar wucin gadi tukuna," in ji Mai Kwamfuta. "Mako mai zuwa sai in mayar da shi inda ya dace."

Makon bai zo ba. Wata ukun ma ba su ƙare ba. Shi da marigayin sa'o'in juna ne, a wata ɗaya aka ɗauke su, da sharaɗi ɗaya. Goggo kuwa aka ba ta kujera da tebur a bakin ƙofar ɗakin sabar, tana nuna wa baƙi hanya. Ranar farko ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta ji firintar ɗakin yara ta yi ƙirrr-ƙit daga sama, ta ce, "Ka ji, ya hau a madadina." Marigayin ba shi da murya, wannan ƙirrr-ƙit ɗin ita ce kaɗai maganar da aka taɓa ji ta dalilinsa, kuma bai taɓa faɗarta a banza ba.

Ba za a ɓoye wa jama'a irin unguwar da marigayin ya rayu a ciki ba. Foldar wucin gadi juji ce. A ƙa'ida duk manhajar da ta huda taga a wurin, in ta gama aiki ta toshe abinta ta share wurin kafin ta tafi. A zahiri kuwa ba su da tarbiyya. Wata ta faɗi matacciya ana tsakiyar aiki, wata a kashe ta da ƙarfi, wata kuma tun daga wanda ya rubuta ta ba a koya mata tsafta ba. Duk su bar tagoginsu a nan, taga a jikin bangon da babu ɗaki a bayansa, ka ƙwanƙwasa har hannunka ya kumbura ba mai amsawa. Sabuwar manhaja ta zo huda tata, ta tarar da mushen tsohuwa ya tare mata wuri, ta ƙi tashi. Da ranar Litinin ɗin ta zo, irin waɗannan mushen sun kai dubu huɗu da ɗari biyu da goma sha biyu. Duk sanda Mai Kwamfuta zai buɗe foldar, fuskarsa irin ta mai ɗaga murfin masai ce a tashar mota. A tsakiyar wannan ƙazanta marigayin ya zauna shekara tara, shi kaɗai mai rai, ba wanda ya taɓa jin ƙorafinsa.

Masu ilimi za su ce ai da an kashe sabar an kunna, da jujin ya kwashe kansa. Gaskiya ne. Sai dai ba a taɓa kashe sabar ba, kuma da dalili. Kamfanin da ya kawo injin ya jima da rufewa. Faifan da manhajar ta zo a ciki ya yi shekaru yana murfin kofin shayin akawun ɗakin gwaji kafin ya tsage. Asalinta da ke kan sabar kuma wani gyara ya haɗa da shi ya goge shekara shida da suka wuce. Manhajar tana raye ne a ƙwaƙwalwar sabar kawai, muddin wuta ba ta yanke ba. Shi ya sa Mai Kwamfuta ya tara batura har jeri biyu, ya ƙulla abota da mai janareta, ya hana mai shara shiga da tsintsiya. Ɗakin na warin zafin waya da mushen tsaka, amma fitilar sabar ba ta taɓa ƙiftawa ba.

Halayen marigayin ba sa buƙatar ƙari. Bai taɓa zuwa a makare ba, don bai taɓa tafiya ba. Bai taɓa ce wa kowa ya dawo gobe ba. Bai je taron ƙara wa juna sani ba, bai dawo da jaka mai tambari ba. Sirrin rabin garin nan ya bi ta cikinsa, wadda ke da ciki ba ta gaya wa kowa ba, wanda sukari ya kama yana ɓoye wa iyalinsa, bai taɓa tsegunta wa ko ƙuda ba. A asibitin da labarin gwajin mutum ke riga shi isa bakin get, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ciwon ajali ya shigo da sabon Daraktan Ingancin Aiki, mutum mai farin takalmi da kwalbar man wanke hannu a aljihu, wanda yake shafawa bayan kowace gaisuwa, a gaban wanda ya gaisar. Shi ya ƙirƙiro Makon Tsafta. An wanke tagogi, an fenti duwatsun bakin hanya, an kwashe tsofaffin gadaje an jibge su bayan ɗakin ajiye gawa inda kyamara ba ta kaiwa. Ranar Litinin ya iso ɗakin sabar da mai ɗaukar hoto a bayansa, ya toshe hanci da hankici, ya ce a nuna masa cikin na'urar, don tsafta ba ta tsaya a bango ba.

Mai Kwamfuta ya buɗe masa foldar. Sunaye suka yi ta zubowa a allo kamar an fasa kwata.

"Tir! Wannan duk mene ne?"

"Ragowar soket ne, ranka ya daɗe. Manhajoji ne suka mutu suka bari."

"To me ake jira? A kwashe."

"Za a kwashe. Sai dai akwai yadda ake yi. Ana bin su ne a ga wanda ke da mai amsawa a bayansa, a bar shi, a share sauran. Na ma san amsar, ɗaya ne mai rai."

Darakta ya ce a nuna masa. Ya sunkuya, ya gyara tabarau, ya karanta da yatsa ba tare da ya taɓa allon ba.

"Girmansa sifiri. Kwanan watansa shekara tara da suka wuce. Malam, abin da babu komai a cikinsa, ba a taɓa shi ba shekara tara, shi kake ce min yana aiki?"

"Ranka ya daɗe, wannan ranar haihuwarsa ce. Irinsu ko sau dubu aka bi ta cikinsu a rana kwanan watan ba ya motsi. Wanda ya fi kowa aiki shi ke fin kowa kama da matacce."

"Ni ban zo falsafa ba. Ƙa'ida a rubuce take: duk abin da ya wuce kwana goma a wucin gadi, shara ne."

"Ni shekarata tara, ranka ya daɗe."

Mai hoto ya yi dariya, ya ga ba a taya shi ba, ya mayar da ita tari. Darakta kuwa murmushi ya yi, ya zaro wata takarda daga fayil ɗin hannunsa ya ajiye kan teburin, ya ɗora kwalbar man wanke hannu a kanta kada fanka ta ɗauke.

"Na sani. Shi ya sa na taho maka da wannan. Takardar tabbatar da kai ce, sa hannuna kawai ya rage. Ni ma ba na son ganin wucin gadi ko a mutum. Allo ya nuna sifiri, a ɗauki hoto, ka sa hannu a rahoto, in sa hannu a nan. Ina da taro sha ɗaya da kwata."

Ana roƙon masu gaisuwa kada su tambayi Mai Kwamfuta abin da ya zo masa a rai a lokacin, don ya riga ya tambayi kansa fiye da yadda za su iya. Ya kalli takardar. Sunansa ne a jiki, an rubuta shi daidai, karo na farko a shekara tara. Ya gaya wa kansa cewa bayan hoto sai ya ƙirƙiri wani fayil mai suna iri ɗaya, alhali wani ɓangare na kansa, wanda ya yi digirin, yana ce masa ba haka abin yake ba. Ya rubuta layi ɗaya na umarnin goge duka. Ya danna.

Allo ya nuna sifiri.

Babu abin da ya faru, kuma wannan shi ne mafi munin abin. Kwamfutocin da suka riga suka riƙe hannun manhajar tun safe ba su saki ba. Daga sama aka ji firintar ɗakin yara ta yi ƙirrr-ƙit.

"Ka ji ko?" in ji Darakta. "Asibiti ya rushe?"

Aka ɗauki hoto. Darakta ya sa hannu, ya ba Mai Kwamfuta hannu, ya shafa mai.

Da yamma aka kashe kwamfutoci kamar kullum. Da safiyar Talata aka kunna su, kowace ta je inda ta saba ƙwanƙwasawa ta tarar da bango sumul. Ɗakin yara ya fara kira, sai ɗakin maza, sai na tiyata. Mai Kwamfuta ya ƙirƙiri takwaran marigayin, harafi da harafi, ya ajiye shi a gurbinsa. Manhajar ko kallonsa ba ta yi ba. Ita tagar da ta huda da hannunta ta sani, kuma ba ta huda sabuwa sai an kashe ta an tayar, ita kuwa in ta kwanta ba mai tayar da ita. A safiyar ce kuma, yana goge baki, dabara ta zo masa: da ya ɗauke marigayin ya ɓoye shi a wata folda na minti biyar, a yi hoto, ya dawo da shi, da yanzu yana raye. Ya daɗe tsaye da buroshi a baki yana kallon mutumin da ke cikin madubi, irin kallon da yake wa foldar.

Saura ɗaya ta rage. Kwamfutar ɗakin haihuwa makunninta ya lalace tun bara, ba a kashe ta, don haka har yanzu hannunta na cikin na manhajar. Mai Kwamfuta ya hau da kansa, ya naɗe fulogin da salatif, ya manna takarda da manyan haruffa: KADA A CIRE. Ta yi kwana uku tana aiki, ita kaɗai a ginin. Ranar Alhamis da hantsi Babbar Nas ta nemi inda za ta jona butar shayi.

"Minti biyar ne fa, Mai Kwamfuta," ta ce da ya iso yana haki. "Ka wani zaro ido sai ka ce na cire wa mara lafiya iska. Ga shi na mayar. Za ka sha?"

Likitoci na iya gardama a kan ainihin lokacin rasuwa, Litinin ko Alhamis. Iyalan sun tsaya a kan Litinin, don su suka san wanda ya danna.

Ranar Juma'a kwamiti ya zauna. Mutum bakwai, ruwan roba bakwai. Shugabar kwamitin, likita ce mai gajeren haƙuri, ta yi tambaya ɗaya mai kyau: shin a Makon Tsafta an goge wani abu da ake amfani da shi? In an goge, a rubuta, a nemo masu rubuta sabuwar manhaja, ko wata nawa za ta ɗauka. In ba a goge ba, babu abin da za a nema. Rahoton na gabanta, fayil dubu huɗu da ɗari biyu da goma sha uku, duka shara, da sa hannun Mai Kwamfuta a ƙasa. Darakta na gefe yana murza tafin hannu. Takardar tabbatarwa na aljihun gaban rigar Mai Kwamfuta, ya ninke ta huɗu, kuma ya haddace sakin layinta na ƙarshe, mai cewa wata shida na farko na gwaji ne, ana iya janye ta in an sami sakaci.

"Matsalar netwok ce, ranki ya daɗe," ya ce.

Ɗakin ya sauke numfashi. Netwok kowa ya san shi, ba shi da ofis, ba a kiransa gaban kwamiti. Aka yanke shawarar a ci gaba da sa ido a kansa. Kafin ya daidaita kuma, masinja ta koma kai sakamako da hannu, na wucin gadi.

Da ya sauko ya tarar da Goggo ta riga ta kwashe kayanta daga teburin, ta fito da tsohon takalmin robanta daga leda tana kakkaɓewa.

"Babana, an ce takardarka ta fito."

"Ta fito, Goggo."

"Alhamdu lillahi. Shekara tara ina bin mutanen nan kamar mai neman aure."

"Goggo, akwai maganar da..."

"Riƙe min takardun nan in ɗaure gwiwa."

Ya riƙe. Ta zauna a mataki na farko, ta naɗa bandeji a ta dama, ta ja shi da ƙarfi, ta soke da fil.

"Goggo, soket ɗin nan, ni ne na..."

"Teburina a bakin ƙofarka yake, Babana, kuma kunnena ba gwiwa ba ne, lafiyarsa ƙalau." Ta miƙo hannu ta karɓi takardun. "Ka cire takardar taka daga aljihun gaba, zufa za ta ɓata sa hannun. Wanne ne na gaggawa a ciki?"

"Na sama. Ɗakin haihuwa."

"Hawa na uku ke nan. To, matsa."

Marigayin ya rasu ya bar mata ɗaya, wato manhajar, wadda har yanzu ke zaune a bayan bango tana karɓar sakamako daga injin tana jiran a ƙwanƙwasa. Ba a gaya mata ba, kuma ba a san ta inda za a gaya mata ba. Ya bar firintoci biyar da suka yi shiru, da batura jeri biyu da ake ci gaba da yi wa hidima ba a san don me ba. Ya bar takwara ɗaya da ba ya aikin komai, wanda zai cika kwana goma a makon gobe a share shi bisa ƙa'ida. Ya bar sa'ansa, Mai Kwamfuta, cikakken ma'aikaci. Foldar wucin gadi kuwa, ana farin cikin sanar da cewa zuwa safiyar yau sababbin mushe talatin da ɗaya sun taru a ciki.

Ba za a yi jana'iza ba, saboda babu gawa, kuma a rubuce babu wanda ya mutu. Hoton marigayin na ƙarshe, wato allo mai nuna sifiri da Darakta a gefensa, yana rataye a zauren shiga, kusa da lambar yabon da asibitin ya samu ta tsafta. Masu son gani su shafa mai kafin su matsa kusa.

Za a karɓi gaisuwa kullum daga ƙarfe takwas na safe zuwa huɗu na yamma, a kan matakala, a ɗan filin da ke tsakanin hawa na biyu da na uku. Mai Kwamfuta ya kai kujerar roba ya ajiye a wurin, ba da sunan kowa ba. A nan Goggo ke tsayawa ta dafa bango. Ana roƙon masu zuwa su bi gefen hagu, su taƙaita, kada su tsayar da ita da dogon jaje. Takardun da ke hannunta ana jiransu a sama.